Me Kuka Zo Yi?

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi, amma ba su yi mana bayanin cewa wani ilimin yana ajiye ne a bakin ƙofar da mutum bai taɓa zaton ƙafarsa za ta kai shi ba. Tun da fari muna roƙon mai karatu ya yi mana haƙuri ya kai ƙarshen wannan rubutu kafin ya yanke mana hukunci, domin labarin da za mu bayar na neman gidan giya ne a birnin Rum na ƙasar Italiya, alhali mu ba mashaya ba ne, ba mu taɓa kurɓa ba, ba kuma mu da niyyar farawa.

A watan Oktoba na shekarar 2019 ne Allah ya nufe mu da zuwa Italiya ƙarƙashin wani shiri na ƙulla zumunci tsakanin makarantun sakandare. Mu uku aka zaɓa daga makarantarmu. Akwai mu da muke koyar da Hausa, akwai wani matashin malami mai koyar da Lissafi, sai kuma dattijonmu malamin Kimiyyar Sinadarai, wanda kowa a makaranta, daga shugaba har masinja, yake kira Baba. Shi Baba Kirista ne, mutumin kudancin jihar Kaduna, kuma a lokacin saura masa shekara biyu ya yi ritaya. Shekara goma sha huɗu muka yi da shi a ofishin malamai ɗaya, teburinsa yana kallon namu. Mun san yadda yake son shayinsa, mun san sunayen 'ya'yansa, mun kuma ɗauka cewa ba abin da ya rage ba mu sani ba game da shi.

Ranar Juma'a ta riske mu a Rum. Babban masallacin birnin yana can arewa, a gindin tudun unguwar Parioli, an buɗe shi a shekarar 1995, kuma yana cikin masallatai mafi girma a nahiyar Turai. Zuwa can sai an hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Flaminio, sannan a sake wani jirgin. Mu biyun ba mu iya karanta taswirar jirage ba, Baba kuwa ya taɓa zuwa Turai kwas yana matashi. Ba mu roƙe shi ba, shi da kansa ya ɗauki jakarsa ya ce mu tafi. Ya kai mu har bakin ƙofa, ya samu wani dakali kusa da masu sayar da abinci da ke kasa kaya a wajen masallacin duk Juma'a, ya zauna. Fiye da awa ɗaya da rabi muka yi a ciki, saboda bayan salla mun tsaya gaisawa da wasu 'yan Nijar da muka ji suna Hausa. Muka fito muka tarar da shi inda muka bar shi, yana riƙe da takalman malamin Lissafi na ado waɗanda ya ce yana tsoron kada su ɓace a cunkoso.

A daren nan, bayan mun ci abinci, sai Baba ya gyara murya ya ce, "Malam, ina da wata 'yar buƙata, in ba za ta yi maka nauyi ba. An ce a garin nan akwai inda ake sayar da giyar da ƙananan masu sana'a suke dafawa da hannunsu, ba ta kamfani ba. Ina so in ɗanɗana kafin mu koma. Idona ba ya gani sosai da dare, ga duwatsun titunan nan. Rakiya kawai nake so."

Muka ce, "Baba, bari mu kwana da maganar."

Ba mu yi barcin kirki ba. Mun san hukuncin giya a addininmu, mun kuma san abin da malamai suka faɗa game da zama a teburin da ake shan ta. Malamin Lissafi bai ɓoye ra'ayinsa ba. Ya ce shi ƙafarsa ba za ta taka ba, ya kuma tuna mana cewa yanzu zamanin waya ne, hoto ɗaya ya isa ya riga mu isa gida, kuma iyayen yara ba za su tsaya tambayar abin da ke cikin kofin malamin 'ya'yansu ba. Gaskiya ya faɗa, ba mu kuma ga laifinsa ba. Amma duk lokacin da muka rufe ido sai mu ga dattijo a kan dakali, rana tana dukansa, yana gadin takalman wani. Hausawa sun ce wanda ya yi maka rana, ka yi masa dare. Da gari ya waye muka ce wa Baba za mu raka shi, bisa sharaɗi biyu: ba za mu shiga ba, kuma kuɗinmu ba zai sayi ko ɗigo ba. Ya yi dariya ya ce, "Ai ni ma ban shiga naku ba, Malam."

Ranar Asabar da yamma muka fita mu biyu, muna ganin abin mai sauƙi ne, tun da kusan kowace kusurwa a Rum akwai allo da aka rubuta BAR a jiki. Nan ne muka fara gane cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido. A Italiya kalmar nan ba ta nufin mashaya kamar yadda muka saba ji a gida. Wurin shan gahawa ne. Mutum zai shiga, ya tsaya a gaban kanta, a ba shi gahawa baƙa ƙirin a wani ɗan kofi da bai fi kwalbar turare ba, ya shanye a kurɓa biyu, ya biya abin da bai wuce yuro ɗaya da 'yan kai ba a wancan lokacin, ya kama gabansa. Idan kuwa ya ce sai ya zauna a kujera, kuɗin kan ƙaru. Akwai kwalaben giya a irin waɗannan wurare, amma na manyan kamfanoni ne. Muka shiga guda huɗu, muka sha gahawar da ta hana mu barci a dare na biyu, Baba bai samu abin da yake nema ba.

Daga nan muka gwada wuraren da ke bakin manyan dandali, inda ma'aikata ke tsaye a waje suna kiran masu yawon buɗe ido da hannu. A wani wuri da ba sai mun ambaci suna ba aka kawo wa Baba wani ƙaton kofi, ya kurɓa sau ɗaya ya ture, ya ce irin wannan ko a Sabon Gari ana samu. Ya biya kuɗi masu yawa, muka koma masauki ƙafafunmu suna zafi.

Matambayi ba ya ɓata. Ranar Litinin muka kai kukanmu wurin mai masaukinmu, wani malamin Tarihi ɗan asalin Rum. Da jin buƙatar sai ya ajiye allin da ke hannunsa, fuskarsa ta washe kamar an tambayi Bakano hanyar Kurmi. Ya ce abin da muke nema sunansa birra artigianale, wato giyar masu sana'ar hannu, kuma ba a neman ta a bar, sai a birreria. Sannan ya zaunar da mu ya yi mana darasi.

Ya ce Italiya ƙasar ruwan inabi ce tun zamanin Rumawan farko, giyar hatsi kuwa an daɗe ana kallon ta a matsayin abin kora burodin nan da suke kira pizza a lokacin zafi. Manyan sunaye biyu ne suka mamaye kasuwa: Peroni, wanda aka kafa a 1846, da Moretti, wanda aka kafa a 1859. Dukansu a yau ba a hannun Italiyawa suke ba, domin kamfanin Heineken na Holan ya sayi Moretti a 1996, Peroni kuma ya koma hannun kamfanin Asahi na Japan a 2016. A shekarar 1996 ɗin ne kuma wasu 'yan tsirarun mutane a arewacin ƙasar suka fara dafa tasu da kansu. Akwai Teo Musso, wanda ya fara dafa giyar Baladin a wani ƙaramin ƙauye mai suna Piozzo a yankin Piemonte. Akwai Agostino Arioli, wanda ya kafa Birrificio Italiano kusa da Como. Akwai kuma masu Lambrate a birnin Milan. Daga waɗannan 'yan kaɗan abin ya yaɗu har masu dafawa suka kai ɗaruruwa, wasu suna sanya 'ya'yan itatuwan dajinsu, wasu suna haɗawa da ruwan inabi.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, har doka aka yi wa sunan. A shekarar 2016 majalisar ƙasar ta fayyace cewa ba za a kira giya artigianale ba sai ta cika sharuɗɗa: mai dafa ta ya zama mai zaman kansa ba reshen wani babban kamfani ba, abin da yake dafawa a shekara kada ya wuce lita miliyan 20, kada kuma a ƙona ta da zafi don ta daɗe, ko a tace ta da matatar da ke cire ƙwayoyin da ke cikinta. A wannan shekarar ne babban kamfanin AB InBev ya sayi Birra del Borgo, ɗaya daga cikin ƙananan da aka fi ji da su a kusa da Rum, kuma mai masaukinmu ya ba mu labarin kamar wanda ke ba da labarin rasuwa. Ya ce tukwanen suna nan, ma'aikatan suna nan, amma sunan ya tashi daga kanta.

Sai ya lissafa mana alamomin gane wurin kirki, muka rubuta su a littafinmu na tsara darasi. Na farko, a duba allo: idan da alli aka rubuta jerin abin da ake da shi, kuma kowane layi yana ɗauke da sunan mai dafawa da ƙarfin barasar da ke ciki, to ana sauya kaya a kai a kai. Na biyu, a duba famfunan da ake zubowa daga ganga, a ga ko sunaye daban-daban ne ko kuwa duk tambarin kamfani ɗaya ne. Na uku, mai zubawa zai tambaye ka irin ɗanɗanon da kake so kafin ya ɗauki kofi, wani lokaci ma ya ɗiga maka kaɗan ka gwada. Na huɗu, ba wanda zai tsaya a titi yana kiran ka. Na biyar, a saurari harshen da masu shan suke yi, in 'yan gari sun fi yawa, to an zo. Muna rubutawa muna murmushi, domin in ka cire maganar allo da famfo, da waɗannan alamomin ne ake gane mai tsiren kirki a kowane gari na ƙasar Hausa.

Da yammacin Talata ya zo da kansa ya ja mu. Muka bi ta kasuwar Campo de' Fiori, muka shiga wani lungu inda Open Baladin yake, wurin da aka buɗe a 2009. Baba ya leƙa ya dawo yana girgiza kai, ya ce ya ƙirga famfuna sun kusa arba'in, ga bango guda cike da kwalabe tun daga ƙasa har sama. Mai masaukinmu ya ce wannan wurin kirki ne, amma akwai wanda yake so ya fara nuna masa a tsallaken kogi. Muka haye kogin Tiber ta gadar Sisto, wadda aka gina tun ƙarni na 15, muka faɗa unguwar Trastevere. A bayan dandalin Trilussa akwai wani siririn titi mai suna Via Benedetta, kuma a nan ya tsaya gaban wata 'yar ƙofa da ba ta fi ta shagon tela ba. Ya ce wannan wurin an buɗe shi a 2001, kuma a 2010 wani shafin intanet na masu auna giya, RateBeer, ya zaɓe shi a matsayin na ɗaya a duniya. Muka ɗaga kai muka karanta rubutun da ke saman ƙofar: Ma Che Siete Venuti a Fà. Muka tambayi ma'anarsa. Ya ce karin harshen mutanen Rum ne, irin ba'ar da 'yan kallon ƙwallo ke yi wa baƙin da suka zo wasa, ma'anarsa ita ce: wai me kuka zo yi?

Gabanmu ya faɗi. Tun daga gida ba wanda ya yi mana tambayar da ta dace da mu kamar wannan allo.

Allah ya taimake mu, wurin ƙarami ne ƙwarai, don haka rabin mutanen a waje suke tsaye. Muka tsallaka ɗaya gefen titin muka jingina da bango. Mai masaukinmu ya ce ko ya samo mana irin wadda ba ta da barasa, wadda suke kira analcolica, sai kuma ya dafe goshi ya janye maganarsa, ya ce a dokar Italiya ana iya kiran giya da wannan suna ko da tana da barasa har kashi 1.2 cikin 100. Wannan kuwa abin kiyayewa ne ga duk ɗan'uwan da tafiya ta kai shi can. Maimakon haka ya sayo mana lemon kwalba mai suna chinotto a wani kanti, baƙi ne kamar Coca-Cola, ana yin sa da wani ɗan lemo mai ɗaci. Muka riƙe kwalbar yadda duk mai wucewa zai iya karanta abin da ke jikinta.

Baba ya daɗe a ciki. Da ya fito, yana riƙe da wani ɗan ƙaramin kofi mai ruwa gurɓatacce, ba kumfa sosai. Bai matso kusa da mu ba, ya tsaya kamar taku huɗu daga inda muke, mun kuma gane cewa don girmama mu ya yi haka. Ya ce mai zubawa ya tambaye shi abin da yake so, ya ce masa mai tsami, sai aka ba shi wata ta ƙasar Beljiyam da ake kira lambic, wadda ba a zuba mata yis, iska ake bari ta kawo nata. Ya kurɓa, ya rufe ido, ya yi shiru har muka fara tsarguwa. Da ya buɗe idon sai muka ga sun kawo ruwa.

Ya ce, "Malam, ka san sana'ar mahaifiyata?"

Muka ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "Burkutu take dafawa."

Daga nan ya shiga magana, ba mu katse shi ba. Ya ce takan jiƙa dawa, ta shimfiɗa ta ta rufe har ta yi tsiro, ta shanya, a niƙa, ta dama a manyan tukwane ta dafa, ta bari ya kwana ya yi tsami, ta sake dafawa, in ya huce ta zuba ɗan ragowar na baya don ya tashi. Kusan mako guda aikin yake ci, kuma dole a sayar cikin kwana ɗaya ko biyu, domin abu ne mai rai, ba a ƙona shi ba, ba a tace shi ba. Ya yi wata 'yar dariya ya ce da a Italiya take, da ta cika duk sharuɗɗan dokar nan. Mahaifinsa ya rasu yana aji uku na firamare, kuma da kuɗin tukwanen nan ta kai shi har kwalejin horon malamai. Hayaƙin itace ne ya cinye mata ido. Ya ce shekara talatin da wani abu yana koya wa yara yadda ƙwayoyin yis ke cin sukari su fitar da barasa da iska, kullum da burodi yake ba da misali, bai taɓa ambaton cewa a gindin murhun uwarsa ya fara ganin abin ba. In an tambaye shi sana'arta sai ya ce 'yar kasuwa ce. Ya nuna allon da ke ciki da haɓarsa ya ce, "Dubi yadda suke rubuta sunan mai dafawa da garinsa. Ita ko ni ɗanta ban taɓa faɗin nata ba."

Ba mu samu abin cewa ba, sai muka tambaye shi sunanta. Ya faɗa mana. Ba za mu rubuta shi a nan ba, domin ba namu ba ne. Kofi ɗayan nan kaɗai ya sha, bai ma shanye ba.

Ya kai ɗan'uwa marubuci, ba mun kawo wannan labari don mu wanke giya ba ne. Abin da muka yi imani da shi game da ita kafin mu je Rum, shi muka dawo da shi, mun kuma ga gidajen da ta rusa a unguwarmu, ba labari aka ba mu ba. Abin da ya dame mu daban ne. Mun koma mun duba 'yan gajerun labaran da muka rubuta a shekarun baya, muka tarar duk inda muka sako mashayi, to ɗan iska ne mai tangaɗi, duk inda muka sako mai dafa giya, to tsohuwar banza ce mai ɓata 'ya'yan mutane. Ba mu taɓa ba ta ɗa a makaranta ba, ba mu taɓa ba ta ciwon ido ba. Muna koya wa ɗalibai cewa adabi madubin rayuwa ne, ashe madubinmu bai kai ga teburin da ke kallon namu ba. Shekara goma sha huɗu mutum yana jin yadda muke magana a kan irin uwarsa a ofishin malamai, yana kurɓar shayinsa bai ce uffan ba. Mutum yana iya ƙin abu har zuciyarsa, ya kuma san mai yin abin a matsayin ɗan Adam. Marubucin da ya kasa haɗa waɗannan biyun, wa'azinsa ma ba zai shiga ba, domin wanda ake yi wa zai ga ba shi aka zana ba.

A hanyarmu ta komawa muka tsaya a ɗaya daga cikin famfunan ƙarfen nan da ke zubar da ruwan sha kyauta dare da rana a titunan Rum, waɗanda 'yan garin ke kira nasoni, wato masu ƙaton hanci. Baba ya kurkure bakinsa sau uku kafin ya matso ya kama hannunmu, domin duhu ya yi, duwatsun titin kuma suna da santsi. Haka muka haye gadar muna tafiya a hankali.

Malamin Lissafi bai tambaye mu inda muka je ba, mu ma ba mu ba shi labari ba, kuma har yau muna mutunci. Hoto bai riga mu zuwa gida ba, amma da muka iso mun gaya wa uwargida komai da bakinmu. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ka dai tabbata a waje ka tsaya?" Muka ce mun tabbata. Ta ce, "To, Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Baba ya yi ritaya a 2021 ya koma garinsu. Kafin mu aiko da wannan rubutu mun kira shi mun karanta masa a waya, ya ce a buga, ya kuma gyara mana wuri ɗaya a bayanin tsiron dawa. Tambayar da ke saman ƙofar nan kuwa, in da za a sake yi mana ita, amsarmu ba ta sauya ba: rakiya muka zo yi. Allah ya sa mu dace.